Tamanin Ya Ishe Shi

Asabar, da hantsi

Namiji ne! 'Yata Auta ta sauka, namiji ne! Ko gaisuwa ban rubuta a saman shafin ba don murna.

Ina shago ina haɗa ƙyauren wani mutum waya ta yi ƙara. Direba ne, mijin Auta. Ya ce, "Baba, kun yi aboki." Na kashe wutar walda, na bar ƙyauren a ƙasa, na fito. Sai da na isa asibiti matata Tsohuwa ta dube ni ta ce, "Malam, jaririn za ka yi wa walda?" Na shafa goshi, ashe baƙin tabaraun aiki yana nan ban cire ba.

Auta ta daɗe tana jira. Sau biyu ciki yana zubewa, har ta daina zancen. Yau ga shi a gefenta, da gashi cunkus, da kunnuwa irin nawa masu faɗi. Tsohuwa ta ce sabon miji ta yi, ni in tattara kayana. Na ce ba komai, ni da shi abokai ne, za mu shirya a bayan idonta. Abokina zan riƙa ce masa.

Malaminmu na makarantar yamma, inda na koyi karatu bayan furfura ta fito mini, ya ce mu riƙa rubuta ko layi ɗaya ne kullum don kada hannu ya mance. Na daɗe ban yi ba. Yau na samu abin rubutawa. Na gaya wa duk layinmu, gobe kowa ya zo gida ya gani.

Lahadi, da yamma

Ba a sallame su ba.

Yana kama nono ya saki, ya kama ya saki, gumi a goshinsa kamar wanda ya yi dako. Tsohuwa ta ce sanyi ne ya sa leɓensa ya yi duhu, ta ƙara masa zane. Wata nas ta zo ta maƙala masa wani abu mai jan haske a ƙafa, ta dubi na'ura, ta canza ƙafa, ta sake dubawa. Sai ta fita da sauri.

Motar asibiti ta kai shi babban asibiti. Mutanen da na gayyata sun zo gida sun tarar da kwaɗo a ƙofa.

Litinin, da rana

Likitar zuciya mace ce, ƙarama, mai magana a hankali. Ta zaunar da mu, ta zana zuciya a takarda. Zan rubuta yadda na fahimta.

Ta ce zuciya ɗaki huɗu ce, biyu a sama, biyu a ƙasa. Na ƙasan su ne masu tura jini, ɗaya ya tura shi huhu ya ɗebo iska, ɗaya ya tura shi sauran jiki. Abokina ya zo da ɗaya kawai mai aiki. Ɗayan bai girma ba, ta zana shi ɗan tsito kamar ƙwayar wake. Ta ce akwai wata 'yar jijiya da kowane jariri ke zuwa da ita, wadda ke rufewa da kanta bayan haihuwa. Ga sauran yara rufewarta daidai ne. Shi kuwa ita ce ke riƙe da ransa. Maganin da ke cikin ƙarin ruwan da aka sa masa shi ke hana ta rufewa kafin a yi aiki.

Direba ya ce, "To in an yi aikin shi ke nan ya warke?"

Ta ce, "Aiki uku ne. Ɗaya yanzu, ɗaya bayan 'yan watanni, ɗaya in ya kai shekara uku ko huɗu. Ba za mu iya ba shi ɗakin da bai zo da shi ba. Hanyoyin jinin za mu canza, yadda ɗaya zai iya ɗaukar aikin."

Ta ci gaba da bayani, amma ni na tashi na fita. Na ce zan kama ruwa. Na tsaya a bayan matakala har suka gama.

Talata, da la'asar

Akwai benci a barandar ɗakin jarirai. Mutum biyu ake bari su shiga a lokaci ɗaya, saura su jira a nan. Na tarar da wani dattijo, tela ne, da allura da zare a hannu. Jikarsa tana ɗakin ciki, an riga an yi mata aikin zuciya. 'Yan riguna yake ɗinkawa masu buɗewa ta gaba, da igiya maimakon maɓalli, saboda wayoyin da ke ƙirjinta.

Ya dubi hannuna ya ce, "Mai walda ne kai."

Na ce, "Wa ya gaya maka?"

Ya ce, "Tabon ƙuna. Hannunka kamar rigar da ɓera ya kwana a ciki."

Na ce gara ni, shi ga shi ya tsufa yana ɗinka wa 'yar tsana kaya. Muka yi dariya. Rabona da dariya tun Asabar.

Da na shiga na ga kowane gado da allonsa a sama, da lamba mai nuna yawan iskar da ke cikin jini. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina karantawa. Casa'in da takwas. Casa'in da tara. Casa'in da bakwai. Na Abokina saba'in da tara.

Na fito na tambayi Tela nawa ce lambar jikarsa. Ya ce, "Ni ina na san lamba? Fuskar nas nake karantawa."

Laraba, da safe

Tamanin. Saba'in da takwas. Tamanin da ɗaya. Ba ta wuce nan.

A bango, a kan gadonsa, akwai kan da ake murɗawa a buɗe oksijin, irin na silindar waldata sak, sai dai nasu mai tsabta ne. Daga nan siririn tiyo ya tafi hancinsa. An buɗe shi kaɗan ƙwarai. 'Yar ƙwallon da ke cikin gilashin ma'aunin tana can ƙasa, ta gadon kusa kuwa tana sama.

Na ce wa wata doguwar nas, "'Yata, ba a ɗan ƙara masa ba?" Tana riƙe da wani jariri mai kuka, ta ce, "Baba, haka aka rubuta masa," ta wuce.

Leɓensa shuɗi-shuɗi. Auta ba ta cin abinci.

Alhamis

Ba zan rubuta yau ba.

Juma'a, da hantsi

Jiya lambar ta hau. Wannan kam na gani da idona. Tamanin da biyar, casa'in, casa'in da biyar. Leɓen ya washe. Allah ya sani na yi murna. Har na sunkuya na ce masa, "Abokina, ka ci jarrabawa."

Auta ta fita tatsar nono a lokacin. Ni kaɗai ne a gefen gadon.

Sai na'ura ta fara kuka. Na rasa dalili, tunda lamba ta yi kyau. Doguwar nas ta zo da gudu, ta dubi allo, ta dubi bango, ta mayar da abin inda yake, ta juyo ta ce, "Wa ya taɓa nan?"

Auta tana bakin ƙofa da kwalbar nono a hannu. Ba ta dubi fuskata ba. Hannuna ta duba.

Kafin yamma ƙafafunsa sun yi sanyi, jikinsa ya yi fari-fat, fitsari ya tsaya. Suka kewaye gadon, suka ja labule. Aikin da aka sa yau an ɗage shi.

Abin da Auta ta ce mini ke nan: "Baba, ka je gida."

Asabar, da yamma

Na je shago. Ban kunna wuta ba.

Lahadi, da yamma

Tsohuwa ta dawo daga asibiti, ta ajiye kwanuka, ba ta yi mini tsiya ba ko sau ɗaya. Da ta zage ni da ya fi mini. Na ce, "Ya jikin nasa?" Ta ce, "An sa masa injin numfashi." Na ce, "Auta fa?" Ta ce, "Tana nan." Can kuma ta ce, "Sun liƙa filasta a kan abin nan na bango."

Da ban je makarantar yamma ba, da lamba ba ta ce mini komai ba. Da ina kan benci kusa da Tela ina karanta fuskar nas. Yadda na yi ta alfahari ranar da na fara karanta allon mota da kaina.

Litinin, da rana

Na kai abinci na ba Direba a bakin ƙofar asibiti. Ya karɓa da hannu biyu kamar kullum, ya ce, "Baba, ku yi haƙuri da ita." Shi ke ba ni haƙuri.

Ban tafi ba. Na zauna a bayan matakalar nan.

Talata, da rana

Likita ce ta gan ni a wurin, tana saukowa da kofi a hannu. Ta ce, "Baba, kwana biyu ban gan ku a sama ba." Ta zauna a kan matakala, da farar rigarta.

Ta ce, "Ranar da na yi bayanin nan kun fita, ni kuma ban sake nemanku ba. Ku saurara. Tunda ɗaki ɗaya ne ke tura jininsa, shi ke raba shi biyu, rabi huhu, rabi jiki. Oksijin yana buɗe hanyoyin huhu. In ya yi yawa sai jinin ya kwarara can, hanji da ƙoda da ƙafafu su rasa. Allo zai nuna lamba mai kyau, jiki kuwa yana yunwa. Shi tamanin ya ishe shi. Tamanin muke nema."

Na ce, "In oksijin ya yi wa wutar walda yawa, ƙara take yi, ta yi haske mai kyau, ta ƙone ƙarfen."

Ta ce, "Ni ban san walda ba, amma kamar haka ne."

Tun ina saurayi na san wannan. Shi ne abu na farko da maigidana ya koya mini. Na sani, kuma ban tuna ba.

Na ce, "Likita, ni ne?"

Ta juya kofin a hannunta. Ta ce, "Ba zan ce maku bai taɓa shi ba. Ba kuma zan ce ku ne ba. Irin waɗannan yaran ko ba a taɓa komai ba sukan juye haka a rana ɗaya. Ban sani ba, Baba. Fitsari ya dawo tun jiya. Jibi za mu shiga da shi."

Na so ta ce eh ko a'a.

Laraba

Ban kunna wuta ba. Mai ƙyaure ya zo ya koma.

Alhamis, da yamma

Tun da sassafe suka shiga da shi. Auta da Direba da Tsohuwa suna ƙofar ɗakin tiyata. Ni ina ƙasa. Tela ne ya riƙa saukowa yana kawo mini labari, yana haki, yana zagin matakala. "Ba su fito ba." Ya koma. "Har yanzu." Ya koma. Na ce ya huta, gwiwarsa ba ta da kyau. Ya ce, "Kai dai riƙe mini zaren nan, kada ka ƙone shi."

Rana ta yi sanyi sosai kafin ya leƙo daga sama ya ɗaga mini hannu.

Sun gyara babbar jijiyar da ke kai jini jiki, sun sa wani ɗan bututu da bai kai kaurin biron nan ba, shi zai riƙa kai wa huhu rabonsa daidai gwargwado. Direba ya ce ba su rufe ƙirjin ba tukuna, saboda zuciyar ta kumbura, sai ta saɓe. An lulluɓe wurin da wata leda. Ya ce ana ganin motsinta. Daga faɗin haka ya juya mini baya.

Juma'a

Yana nan.

Asabar

Yana nan.

Lahadi, da la'asar

Jikar Tela ta rasu da safe.

Na same shi a kan bencin yana naɗe zare. Ya ce jiya har ta buɗe ido ta dube shi. Ya ce da ya ga nas ta fito bai tambaye ta ba, ya karanta.

Na raka su. A hannu ɗaya ya ɗauke ta.

Da za mu rabu ya ciro ƙunshi daga jakarsa ya miƙo mini. Rigunan nan ne. Na ce ba zan iya karɓa ba. Ya ce, "To wa zan ba? Ni za su shiga? Karɓi, Mai Walda. Igiyar ta gefen dama ake ɗaurewa, kada ta taɓa ɗinkin."

Litinin, da yamma

Na ba Tsohuwa ƙunshin ta kai. Ta ce Auta ta buɗe, ta daɗe tana kallo, ta tambaya wa ya aiko da shi. Tsohuwa ta gaya mata. Sai Auta ta sa rigunan a ƙarƙashin matashinta.

An rufe ƙirjin yau.

Alhamis, da rana

An cire injin numfashi. Tsohuwa ta ce muryarsa ta dishe, kukansa kamar na ɗan kyanwa. Ta ce, "Mijin nawa ya rame, Malam." Rabon da ta kira shi haka tun ranar haihuwa.

Ta hanci ake ba shi nono, ta wani siririn tiyo, don tsotso yana gajiyar da shi. Ana auna nauyinsa kullum. Sai ya yi ƙiba za a yi aiki na biyu, kuma an ce watannin da ke tsakanin nan su ne mafi haɗari. Ɗan bututun zai iya toshewa. Mura ma kaɗai tana iya kayar da shi. In sun dawo gida babu taro, babu ɗauka daga hannu zuwa hannu, mai tari ko atishawa kada ya shiga ɗakin.

Ni kuwa na riga na gayyaci duk layi.

Asabar, da yamma

Gidanmu za su sauka, don ya fi kusa da asibiti. Ɗakin gaba Tsohuwa ta share musu. Tagarsa ƙarama ce, can sama, ta katako.

Na tsaya ina kallonta da safe. Daga nan na tafi shago.

Na kunna wuta. Hannuna ya daɗe a kan silinda kafin in murɗa. Na buɗe kaɗan-kaɗan har harshen ya tsaya shiru, ba ƙara.

Talata, da la'asar

Na gama firam ɗin sabuwar tagar, maƙwabcina Fenta ya shafa masa fari. Magini ya fasa bangon ya sauko da tagar ƙasa, daidai ƙirjin mutum, ta dubi tsakar gida. Gilashi ɗaya ne babba, da 'yar kafar iska a sama mai raga. Tsohuwa ta ce, "Kanti za ka buɗe mana?" Na ce eh, kaya ɗaya ne a ciki kuma ba na sayarwa ba ne. Ta harare ni. Harara ta dawo, alhamdulillahi.

Mun wanke ƙurar, mun bar ɗakin a buɗe warin fenti ya fita.

Na yi ta ne don mutane. Amma na san har da ni.

Litinin, da yamma

Sun dawo.

Na tsaya a tsakar gida, a bayan gilashi. Auta ta kwantar da shi a kan gado. Yana sanye da rigar Tela, an ɗaure ta gefen dama. Tiyo a hanci, filasta a kumatu. Kunnuwan suna nan. Leɓen shuɗi-shuɗi ne har yanzu, kuma an ce haka zai zauna shekaru.

An ba su 'yar na'ura ta gida da ake maƙalawa a ƙafa safe da yamma. Na ga Auta tana fama da ita, yana ta shure-shure. Ta ɗago ta gan ni. Ta dubi tagar daga sama har ƙasa. Sai ta zo ta ƙwanƙwasa gilashin da yatsa ta ce, "Baba, kana mura?"

Na ce, "A'a."

"To wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu, ka canza rigar shagon nan."

Na yi. Na shiga na tsaya daga bakin ƙofa, hannuwana a baya. Ta ce, "Ni zan riƙe ƙafar. Kai duba mini, nawa ne?"

Allon yana gabanta. Ta fi ni ido, ta fi ni karatu.

Na ce, "Tamanin da ɗaya."

Ta ce, "Ya isa?"

Na ce, "Ya isa."

Ta ce, "To zauna," ta ɗora mini shi a cinya. Ba shi da nauyi ko kaɗan. Ta cikin rigar ina jin zuciyar tana bugawa da sauri, ɗaki ɗaya yana aikin biyu. Tsohuwa ta leƙo ta ce kada in jiƙa mata miji da hawaye.

Ba mu yi zancen Alhamis ɗin nan ba. Wataƙila ba za mu taɓa yi ba.

Talata, da safe

Saba'in da tara. Ya isa.

Saura aiki biyu. Likita ba ta yi mana alkawarin komai ba, ni ma ban sani ba ko zan kai ganin na ukun. Amma yau ya sha nono da bakinsa har ya yi gyatsa, kuma ya kama yatsana mai tabon ƙuna ya ƙi saki.

Na fara zuwa wurin Tela. Na same shi a kan keken ɗinki, ba ya ɗinka komai. Na ce ya zo ya ga yadda rigarsa ta zauna. Ya ce, "In ta yi masa yawa a kafaɗa ba laifina ba ne, ba a kawo mini shi awo ba." Ya ce zai zo da la'asar.

Saura ku. Fenta, magini, mai ƙyauren da na ɓata wa lokaci, 'yan ajinmu na yamma da malaminmu, duk wanda ya zo ran nan ya tarar da kwaɗo a ƙofa, ku dawo. Ku shigo tsakar gida, ku tsaya a taga, na goge gilashin tas. Ba a ɗauka, ba a taɓawa, mai tari ya tsaya daga baya. In kun ga leɓensa da duhu kada wanda ya ce a yi wani abu, haka nasa yake. Ku zo ku ga Abokina.